Ni Ce Na Bar Maɓallin a Kan Arba'in da Biyar

Ermanno,

Ina gargaɗinka tun kafin ka gama gyara zaman tabarau: kada ka kuskura ka ninke takardar nan ka cusa a aljihu sai ka kai ƙarshenta. Kai ne ka shekara arba'in da shida kana yi mana wa'azi cewa ba a ɗaga allura daga kan faifai waƙa ba ta ƙare ba, wai rashin tarbiyya ne. To, yau nawa faifan ke juyawa. Nemi wuri ka zauna. Ka kuma ce wa yayarka Nerina ta daina leƙe ta bayan kafaɗarka, na san halinta.

Ya sanyin idona, ya itacen zaitun da na fake a inuwarsa tun ina 'yar shekara goma sha tara, ya ruwan farko a kan busasshiyar gona, tsohona mai taurin kai! Yau kwana goma sha ɗaya da ka hau motar ƙauye ka bar ni da kofi biyu a kan tebur, ɗaya yana hucewa. Teku na nan yana dukan duwatsun Savona kamar kullum, amma a kunnena kamar an yi mutuwa a gari. Na buga waya har yatsana ya gaji, kullum Nerina ke ɗauka, ta ce kana lambu. Wane lambu ne ba ya ƙarewa? Yanzu na san abin da ya hana ka karɓa, shi ya sa na koma ga biro da takarda kamar 'yar makaranta.

Ka tuna ranar da ka fara shiga gidan mahaifina? Ana tsuga ruwa, kai ka jiƙe sharkaf, amma faifan da ka ɓoye a cikin kwat ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na yaran nan biyar ne na unguwar tashar jiragen ruwa, waɗanda suka yi faifai ɗaya tak suka watse, mai gangarsu ya koma gashin burodi. Waƙa guda ta cinye fuskar faifan gaba ɗaya. Babana ya daure, ya daure, can ya ce, "Yaro, wannan waƙa ce ko zaman makoki? Taliya ta dahu ta huce, su ba su gama gyaran murya ba!" Ka ce masa, "Baba, ai yanzu aka fara." Sai kiɗan ogan, irin na coci, ya lafa, sarewa ta shigo a hankali kamar tsuntsu ya sauka a bakin taga, ka lumshe ido, ruwa na ɗiga daga gashinka a kan tabarmar uwata. A nan na ce a raina, namijin da zai yi haƙurin minti goma sha biyar yana jiran sarewa ɗaya, zai iya haƙuri da ni. Ban yi kuskure ba. Ka yi haƙuri da ni fiye da yadda na cancanta.

Na auri mutum ɗaya, na tarar da furog, kiɗan nan naka mai dogayen waƙoƙi, a matsayin suruka. A dokarka, faifai a tsaye yake kwana, ba a kwantar da shi. Ba a taɓa fuskarsa da yatsa. Bugun farko shi ne faifai, na baya duk 'yan rakiya ne. A jera su bisa shekara, domin a ganinka daga shekarar saba'in da bakwai duniya ta fara lalacewa. Na yi ta mita, na ce bangon falo ya zama kantin kasuwa, na ce ƙurarsu za ta kashe ni. Amma wa ya hana 'ya'yanmu Ilde da Tullio gudu a falo? Wa ya zaunar da su har waƙa ta ƙare kafin a ba su 'ya'yan itace? Ni ce. Na ga tarbiyya a cikin abin. Yaron da ya iya sauraron waƙar minti ashirin ba zai katse babba yana magana ba. Dubi na yanzu, waƙar minti biyu a waya, ita ma ba sa bari ta kai ƙarshe, kamar mai cin abinci a tsaye. Har gobe ina kan bakana a abu biyu: masu rerawa da harshenmu sun fi masu aron Turanci, kuma mai ganga da zai kwashe minti goma yana duka shi kaɗai, nuna kai ne kawai, uwarsa ba ta kwaɓe shi ba. A sauran duka na bi ka, ya hasken gidana, har na iya ƙirga kiɗa mai bugu bakwai ina yanka albasa.

Yanzu bari in zo kan Lahadin nan, tunda kai ka ƙi zuwa kanta.

Gaspare da Oreste, abokan sauraronka na kowane farkon wata, sun ci sun ƙoshi sun baje a kujeru. Ka goge faifai, ka ɗora allura da hannun nan naka da bai taɓa rawa ba, ka koma kujerarka ka rufe ido. Abin da ya fito daga lasifika, wayyo Allah! Muryar mawaƙin nan mai kauri ta tsuke ta koma kamar ta ɓera, ogan na gudu kamar an biyo shi. Babban faifai ne mai juyawa a kan saurin talatin da uku, ga shi yana tsere a kan arba'in da biyar. Kai kuwa kana kaɗa hannu a hankali, a kan tafiyar da ka sani tun kana saurayi, har ka ce, "Ku ji zurfin muryar nan. Yanzu ina ake samun irinta?" Gaspare ya fashe da dariya, ya doki cinyarka, ya ce, "Kai tsohon banza, yau kuma zolaya ka tashi da ita?" Ka buɗe ido, ka dubi bakinsa, ba idonsa ba. Ka dubi Oreste da ya sunkuyar da kai. Sannan ka juya ka dubi maɓallin saurin juyawa. Ermanno, na ga mutuwar iyayena biyu, amma ban taɓa ganin fuska ta rushe kamar taka a wannan lokaci ba. Ka tashi, ka ɗaga allura a tsakiyar waƙa, ka shige ɗaki.

Shekara nawa kana yi mini wannan ƙaryar? Biyu? Uku? Kana karanta leɓena kana gyaɗa kai, kana sa faifai kana sauraron wanda ke cikin ƙwaƙwalwarka! Ni kuma sakarya, ina kira daga kicin ba ka amsa, na ɗauka shariya ce irin ta maza, har na kai ƙararka wurin Ilde. Girman kai rawanin tsiya ne, maigida. Mutumin da ya ɓoye ciwo ga matar da ta wanke masa ƙafa lokacin da ya karye, me ya mayar da ita? Baƙuwa? Wane darasi ka bar wa 'ya'yanka, cewa idan jiki ya gaza sai a gudu ƙauye a ɓuya a bayan tumatir?

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ga nawa, kuma ko a gaban fada, limamin cocinmu, ban faɗe shi ba.

Ni ce na bar maɓallin a kan arba'in da biyar. Ina da ƙaramin faifai guda ɗaya mai juyawa a kan wannan saurin, waƙar soyayya ta minti uku, irin waɗanda kake kira alawar yara. Na saye shi kafin in san ka. Yana ƙarƙashin zannuwan gado na baƙi. Duk Asabar idan ka tafi kasuwar tsofaffin kaya neman faifai, sai in fito da shi in sa, in yi 'yar rawata ni kaɗai da tsumman goge-goge a hannu, in mayar da komai yadda yake. Shekara arba'in da shida ban taɓa mantawa ba, sai wannan Asabar da madara ta tafasa ta zube. Ni da nake tsare gida da doka, ni da nake cewa ba a ɓoye-ɓoye a ƙarƙashin rufina! Hannuna ne ya tona maka asiri a gaban abokanka. Ka yafe mini, ya rabin raina. Ko kada ka yafe, amma ka zo ka ƙi yafewar a gabana, in gan ka.

Jiya Alhamis dillalin da ka aika wa saƙo ya zo daga Jenowa da motar kaya da kwalaye. Ya ce, "Uwargida, maigida ya ce in kwashe duka, har na'urar." Kafin in buɗe baki ya zaro faifai ɗaya ya dafa fuskarsa da yatsu biyar, yatsun da ya gama cin soyayyen kifi da su! Na ce, "Ɗan nan, ajiye. Ƙofar da ka shigo tana nan inda ka bar ta." Ya ce zai dawo Asabar ta sama da takarda mai sa hannunka, kuma ranar ba ni da ta cewa. Gaskiyarsa ne. Naka ne, kai ka tara su ɗaya bayan ɗaya, da ƙafarka da haƙurinka. Idan ka sa hannu zan tsaya a gefe in ga ana fitar da ƙuruciyarmu a kwali. Amma ka sani, ba bango kaɗai za ka bari tsirara ba.

Kana tsammani don kunnenka na aure ka? Ashe zaitun idan ya tsufa ya daina 'ya'ya sai a tumɓuke shi, a manta da inuwarsa? Ashe teku yana fasa zuwa gaɓa don dutse ba ya amsa masa? Na je wurin likitan kunne ni kaɗai na yi tambaya. Bai yi mini alkawarin komai ba sai ya duba ka. Na san abin da za ka ce, wai na'urar kunne tana mayar da kiɗa kamar ana buga gwangwani. Wataƙila haka ne. Wataƙila sarewar nan ta tafi ke nan, ba za ta dawo maka ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce wannan ƙaramin rashi ne ba. Na yi kukansa a madadinka har idona ya kumbura. Amma bugun ganga yana bi ta katakon lasifika, za ka ji shi a tafin hannu. Sauran kuwa ina da su. Ta bangon kicin na haddace faifan nan kaf, na san inda kowace jita ke shiga. Zan zauna kusa da kai in riƙa buga maka a gwiwa, in matse hannunka idan an zo wurin da kake so. Ban kai na'urarka ba, amma ni ba na buƙatar a canza mini allura.

Ka dawo, ya tsohona, kurciyata. Motar safe tana tashi daga gaban cocin ƙauye ƙarfe bakwai da rabi, kuma Nerina ta san na sani. Kada ka kawo mini fure, kada ka kawo bayani. Ka taho da takardar dillalin ba sa hannu, in kunna murhu da ita.

Ni taka ce, da ji da rashin ji, yau da gobe, har ranar da za a kwantar da ni kusa da kai a makabartar kan tudu, inda dukanmu biyu za mu yi shiru babu mai jin kunyar wani. Matarka, Nives, wadda ba ta taɓa duban wani ba kuma ba yanzu da ta tsufa za ta fara ba.

Ga kuma doka, na riga na sanar da yara, na rubuta na manna a ƙofar falo. Daga yau babu mai sauraron faifai shi kaɗai a gidan nan, babba ko ƙarami, naka ko nawa. Kai za ka ɗora allura, ni zan duba maɓalli. Wanda kuma bai ji abin da aka faɗa ba, zai buɗe baki ya ce "ban ji ba," a maimaita masa ko sau goma ne, kuma duk wanda ya yi tsaki ya tashi daga teburina.