Zagayen Hutun Rabin Lokaci

Doha, 9 ga Maris

Babana,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar? Yaya ɗan'uwana Clive da yaransa? Ni lafiya lau, aikin asibitin ba laifi. Tsayuwa ce dai ba ta ƙarewa, ɗakin da nake kwana kuma shirunsa ya yi yawa, amma ana sabawa.

Clive ya ce tun da na taho ba ka leƙa filin zari-ruga ba, wai ba mai riƙe ka ku zagaya. Haba Baba! Shekara ashirin muna tsayawa bayan turakun golan da yaran ƙungiyarmu ke kai wa hari, da an tafi hutun rabin lokaci mu bi jama'a mu koma ɗaya gefen da za su kai wa hari bayan hutu, ruwan Yorkshire na dukanmu, shayi na ƙona mini hannu. Ka manta ranar da Kawu Selwyn ya ce mu tsaya inda muke saboda taɓo? Ka ce masa, "Tsaya kai kaɗai, tsohon rago! So kake yaran nan su ɗago kai su ga ba kowa?"

Na roƙi Clive ya zo ya ɗauke ka ran Lahadi. Don Allah ban da gardama. Ka sa hular da Mama ta saƙa maka, ka gaishe da Kawu.

Ni ma ina sauraron wasan a waya. Da an busa hutu, nakan ɗauki kujerata daga bakin taga in mayar da ita bakin ƙofa. Baba, kada ka bar ni ina zagayawa ni kaɗai.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Glenys