Ki Zauna, Amma Ki Dawo Kafin Shuka

Zuwa ga Hajiya Rabi, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan randa ga mai dawowa daga gona, zumar da harshe bai taɓa gajiya da ita ba. Gaisuwa daga Gumel, mai yawa kamar riɗi a masussuka!

Kin tambaye ni a waya ko ki ƙara zama a Finlan har 'yarmu Muhsina ta warware, tunda an gama wankan jego amma ɗinkin aikin da aka yi mata bai bar ta ta miƙe sosai ba. Sai na hau tambayarki lafiyar jariri. To ina zan amsa, bayan surukinmu Abdulmuhaimin da ya zo ganin gida yana durƙushe a gabana, shi ke riƙe mini wayar? Ga amsar nan na ba shi a rufe ya kawo miki, bai san abin da ya ɗauko ba, bawan Allah.

Amma tsaya tukuna, tsoho ba ya shiga zance ta ƙofar gaba. Jikarmu Nana Firdausi ta ce mini wata kalmar Turanci a wayar nan, wai mis. Na tambayi ubanta Abdulmuhaimin, ya sunkuyar da kai ya ce kalmar kamar goro take, tana da ɓari fiye da ɗaya. Ana kiran budurwa da ita, ana faɗinta in abin hawa ya tafi ya bar mutum, ana kuma faɗinta in kewa ta kama zuciya. Su mutanen Finlan, in ji shi, ba su yarda da wannan cunkoso ba, kowace ma'ana sun gina mata ɗakinta. Budurwa neiti. Kewa ikaba, ko wani abu mai kama da haka. Ta abin hawa kuwa doguwa ce kamar igiyar rijiyar Ɗanzomo, harshena ya ja ya ja ya gaji.

Ya tafi, ya bar ni ina murmushi. Ashe Bature ya ƙulle tarihina kaf a kalma ɗaya bai sani ba!

Kin tuna Gagarawa Tasha? Na taho da buhun gyaɗa zan kai Nguru, jakin haya ya ƙi tafiya, na iso jirgin ƙasa ya juya mini ƙeya. Na bi shi da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Wa na ji tana dariya a gindin bishiyar bedi? Wata malamar firamare, sabuwar sauka daga Kano tare da gwaggonta, yara na kiranta Mis Rabi. Kika gama dariyarki tsaf, sannan kika miƙo mini ruwa a kwanon sha. Motar da ta mayar da ni Gumel ita ta ɗauko ku. Ya tauraruwata, na gode wa Allah, na gode wa jakin nan mai taurin kai! Da ya yi sauri, da yau wa zan rubuta wa?

Na gode miki da shekarun nan. Na gode da shekarar fari, da kika riƙa cewa kin ƙoshi don yara su ƙara loma, ina kallonki ina haɗiye magana. Na gode da kika jure minsharina da tatsuniyoyina, waɗanda kin ji su sau ba adadi amma har yau kina dariya a inda ya kamata. Da me ake biyan damina? Wane ma'auni ake auna raɓa da shi?

Ma'ana ta ukun ita ce ke cina yanzu. Kewa, Hajiya! Sharifa matar ɗanmu tana iya ƙoƙarinta, amma miyar kukarta ba ta san ni ba. Awakinki suna kallona kamar ni na sayar da ke. Ranar Alhamis na je kasuwar Maigatari, na tsinci kaina ina taya miki turaren wuta, sai da mai kaya ya ƙulle na tuna babu mai kunnawa.

Duk da haka, ki zauna. Na yarda da zuciya ɗaya. Yarinyar nan tana ƙasar da aka ce rana kan yi rowar fitowa, ruwa ya daskare kamar dutse, ba gwaggo, ba inna. Hannun da ya raine ta shi zai tashe ta. Ki gasa mata jiki, ki dama mata kunun kanwa, ki sa ƙafa biyu cikin safa, kin san ki da sanyi.

Roƙona ɗaya ne. Tun da muka yi aure, ni ke sara da sungumi, ke kina biye kina zuba iri kina rufewa da diddige. Ban taɓa waiwayawa na ga wata ba ke ba. Irin geron da kika zaɓa bara yana rataye inda kika bar shi, ban bari kowa ya taɓa ba. Ki dawo kafin ruwan shuka. Ki je filin jirgi da wuri, don Allah, makara sau ɗaya ta yi mana rana, ba ma bukatar ta biyu.

In hadari ya riga ki isowa, zan fita in sara ramukana, in bar su a buɗe. Maƙwabta su ce tsufa ya taɓa ni, su faɗa.

Naki tun daga gindin bedin nan har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Ɗantsoho, wanda sunansa ya daɗe yana jiransa, kamar yadda yake jiranki.