Jikan da Hajiya Ba Ta Zaginsa

Daren Alhamis, Yalwawa, Dutse

Na kasa barci. Ɗazu da la'asar yaran gidan nan suka kwance akuya, ta cinye geron da Hajiya, mahaifiyarmu, ta shanya. Ta bi su da mafici tana dariya: "Shegu, yau ba mai cin tuwona." Haka take wasa da jikokinta kullum. Amma da ta zo kan Habu, ɗan ƙanwata Binta, sai ta sauke hannu ta ce, "Je ka wanke ƙafarka."

Bayan isha'i ya zo ya kwanta a cinyata. "Inna, me ya sa Hajiya ba ta taɓa ce mini shege ba? Ba ta sona ne?"

Shekararsa shida. Bai san ba a yanka masa ragon suna ba. Bai san maƙwabta na ce masa ɗan gaba da Fatiha ba, balle yanzu da shari'ar Musulunci ta zo, kowa ya zama alƙali. Binta tana aure a Buji, mijin ya ce ban da yaron.

Na rantse masa tana sonsa. Sai ya ce, "To gobe ni kaɗai zan kwance akuyar."