Idon Umaru na Hagu

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Ikko? Mu nan Gwandu sai godiya.

Jikin ƙanenmu Umaru ya tsananta. Bayan ramar da ka sani, ƙuraje masu ruwa sun feso masa a fatar idon hagu, suna zugi kamar wuta, har idon ya rufe. Maganin da Inna ta karɓo a Kalgo bai yi ba. Likita ya ce garkuwar jikinsa ta karye, kuma ɗayan idon ma yana cikin haɗari.

Jiya ya riƙe hannuna ya ce, "Hauwa'u, ki gaya wa Yaya ya zo tun ina iya ganinsa."

A sa shi a addu'a. Ka gaida mutanen gida. Don Allah kada ka jira Sallah.

Ƙanwarka,
Hauwa'u