Katako Ɗaya, Taku Ɗaya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kina cikin ni'ima a makwancinki, na rubuto ne saboda ina da labari, kuma bayan katangar maƙabartar Baƙi'a ta nan Madina, inda nake tsayawa in yi miki sallama, ba wurin dogon zance ba ne.

Labarin Baba ne. Tun da kika tafi ya ajiye ƙafa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana hawan dabino a gonakin Awali, yau daga tabarma sai banɗaki. Haramin da mutane ke sayar da gona su zo gani sau ɗaya, ga shi kusa da unguwarmu ta Anbariyya, amma a ɗaki yake salla. Likita ta ce lafiyar ƙashinsa ƙalau, zaman ne zai cinye shi, in bai taka ba nan gaba ko ya so ba zai iya ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Kin dai san mijinki. Amsarsa ɗaya ce: "Halas ya binti, shi ke nan 'yata, ƙafar nan ta gama aikinta." Na ji tsoro, Inna. Gani nake zan rasa ku duka biyu a shekara guda.

Kin tuna tsohon layin dogon Turkawa da tasharsa take unguwarmu? Can gaba wajen kwari, inda aka ɗaga shi bisa tudu da gadar baƙin dutse, a da ba komai sai ledoji da kyanwoyi. To an gyara wurin, ya zama lambu a sama. Motoci na wucewa ta ƙasa, mutane na yawo a kansu. An shuka magarya da lalle da ɗoɗɗoya, an jera kujeru, iyalai na zaune da fulas ɗin shayi mai na'ana'a. Da kina nan na san sai kin tsinki lallen nan kin ƙulle a bakin mayafi, ko da mai gadi na kallo.

Ranar Alhamis bayan la'asar na ce masa iska kawai za mu sha. Maigidana ya sauke mu, na turo Baba a keken marasa lafiya har sama, yana ta mita wai na mai da shi kayan kasuwa. Na nuna masa hasumiyoyin Harami daga nesa, ya ce ya gani. Na nuna masa dabino, ya ce ba a ba shi ruwa yadda ya kamata. 

Sai muka iso inda aka bar ƙarafan layin yadda suke, da katakai a jere a tsakaninsu, ciyawa ta fito ta gefe. Ya sa hannu ya riƙe tayar keken. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Sikka ce." Kalmarki ce ta kiran layin dogo, Inna, tun ta Sudan. Rabon da in ji ta har na manta.

Kin san yadda muke yi muku dariya muna yara. Kowace mace a unguwa mijinta ne a gaba tana binsa, mu kuwa ke ce a gaba, Baba dogo zanƙalele yana bayanki yana ɗan taku kamar mai tsoron taka ƙwai. 'Yan uwansa na gona suna kiransa mijin-ta-ce, shi ko a jikinsa. In na tambaye ki dalili sai ki ce, "Kowa da irin tafiyar da hanya ta koya masa," ki ci gaba da tankaɗe.

A kan gadar nan ya ba ni sauran zancen da kika hana ni. Ya ce lokacin da kuka taso daga cikin ƙasar Sudan za ku bakin teku don ƙetarowa, ruwa ya cinye hanya, jirgi ya daina zuwa, kuka bi layin a ƙasa don kada ku ɓata. Rairayi na cin ƙafa, katako ne kaɗai ke da ƙarfi. Kina ɗauke da cikina. Da farko shi ne a gaba kamar kowane namiji, yana tsallake katako biyu a taku ɗaya, sai da ya waiga ya hango ki can baya kin durƙusa, kuma ba ki kira shi ba. Daga ranar ya ce ki shiga gaba, inda kika ɗaga ƙafa nan zai sa tasa. Har kuka zo Madina bai koma gaba ba, kuma takunsa bai sake faɗi ba.

Ashe shi ya sa ya zauna. Ba ƙafar ba ce. Wadda yake bi ce babu.

Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Na so in riƙe shi ta gefe, ya ture hannuna ya ce, "Shiga gaba." Na shiga. Ban yi nisa ba na ji muryarsa: "Shuwayya-shuwayya, a hankali, ke ba ki da haƙurin uwarki. Katako ɗaya, taku ɗaya." Na rage. Ina jin sautin takalminsa a bayana, ban yarda na waiga ba, don hawaye sun riga sun jiƙa mini niƙabi. Wasu 'yan mata suka matsa mana hanya suna cewa masha Allah ya ammi, wato baffa. Ba mu kai ƙarshen lambun ba, ya gaji a wajen wata magarya muka zauna. Ya sha shayi, ya kushe shi, ya nemi ƙari.

Na gode wa Allah, Inna. Na gode wa waɗanda suka ga tsohon ƙarfe ba su tumɓuke shi ba, ko da yake ba su san wa suka ajiye wa ba. Na gode miki da kika ɗauke ni a kan katakan nan tun ban san duniya ba, kika kuma bar mini mutumin da ya iya rage sauri saboda wani.

Jiya Juma'a na fito na tarar ya sa farar jallabiyarsa, takalmansa a bakin ƙofa. Ya ce Harami za shi, kuma ba da keke ba. Muka bi titi ni a gaba shi a baya, maƙwabta na leƙe. Su leƙa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kina cikin maƙwabtan Manzonsa a can kamar yadda kika zama a nan. Allah Ya ƙara wa Baba ƙarfin ƙafa. Kin riga shi yin gaba kamar kullum, amma wannan karon ina roƙon Allah Ya sa kada ya yi saurin biyo ki.

Wassalam,
'Yarki da ke koyon takunki.