Ƙofofin Hanta

Maigida,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da yara da Hajiya. Ni ma lafiya lau. Wata bakwai ke nan ina renon ƙwayoyin hanta a faranti a ɗakin bincike, ina ciyar da su, ina duba ɗuminsu, ba su taɓa ce min sannu ba. Ta nan suke tuna min da kai.

Ƙanwarka ta tona maka asiri. Gwaji ya nuna kitsen jininka ya sauka, sai ka manna takardar a jikin firji kamar shaidar digiri, ka daina shan magani.

To saurara. Maganin nan hana hanta ƙera kitsenta yake yi. Da ta rasa, sai ta ƙara buɗe ƙofofi a jikinta, tana jawo wanda ke yawo cikin jini. Kullum ina gani da idona. Ranar da na janye wa ƙwayoyin maganin, ƙofofin raguwa suke farawa. A jikinka kuwa, kitsen zai tafi neman jijiyar da zai toshe. Takardar firji shaidar ƙoƙarin magani ce, ba naka ba.

Na san shekara tara ni nake ajiye maka shi a gefen kofin shayinka na yamma. Kwalin yana saman kabad, bayan gwangwanin madara.

Matarka,
Uwar Hanta, kamar yadda kake tsokanata

Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar kowa, wasiƙarka ta iso, duka layi huɗu.

Ka ce ka ga kwalin, amma maganin da ba hannuna ya ajiye ba ba ya wuce maƙogwaro. Sannan ka ba ni labarin famfon banɗaki. Sai can ƙasa, da ƙananan haruffa, wai ƙirjinka yana nauyi in ka hau bene.

Ranar da wannan wasiƙar ta same ka, ka tafi asibiti, ka bar famfon ya yi ta zuba. Babbar 'yarmu za ta riƙa ajiye maka maganin, hannunta irin nawa ne.

Na danƙa wa abokiyar aikina farantaina. Shugaban sashe ya kalle ni kamar na yar da jariri a titi. Ina tafe ranar Laraba.

Kada kanka ya kumbura. Na dai gaji da sauke kofi biyu kowace yamma ina mayar da ɗaya a bushe.

Taka,
Uwar Hanta