Kada Ki Goge Fim Ɗinmu, Shaima

Zuwa ga Shaima, sanyin idanuna, rumman ɗin Ɗa'if mai fashewa tun ba a matsa ba, yayyafin da ke sauka a Makka ba zato har yara su fito da gudu babu takalmi! Ke iskar asuba mai gangarowa daga duwatsu kafin rana ta tuna da mu, ke mai dariyar da ke tayar da tattabarun unguwar Tandabawi gaba ɗaya! Gaisuwa mai yawa, da ƙaunar da ta fi gaisuwar yawa, daga mai sonki da ke unguwar Ka'akiyya, hannu cikin kumfar wankin mutane, zuciya kuwa tana can ƙofar gidanku tana jiran a buɗe.

Na san a hankali za ki karanta wannan, kina bi da yatsa, domin Hausarki ta 'yan Makka ce, rabi a baki, rabi ta ɓuya a bayan Larabci. Ki sha wahala, ya ƙalbi, ya zuciyata, ke kika jawo. Tunda kin hana ni kiranki, kin ce waya ba ta da amana, na koma takarda irin ta mutanen da, na ba Inna Hajo mai ƙosan bakin layinku ta cusa miki a ƙasan ƙunshi. In kin ga tabo a jikin takardar kada ki yi saurin jin tausayina, ba hawaye ba ne, man ƙosai ne.

Labari ya iso ni cewa kina shirin goge fim ɗinmu. Fim ɗinmu, Shaima? Wanda muka sha rana a kansa har na ƙara baƙi a kan baƙina? To zauna ki ji, don yau ni ce mai magana.

Kin tuna yammacin nan a saman benenku, ranar da na kawo wa mamanki wankinta, gida ya watse zuwa biki a unguwar Utaibiyya? Kika jingina wayarki da tankin ruwa, kika tokare ta da kofin shayi, kika tsaya kina ba ni umarni kamar wadda ta gaji sana'ar daga kakanni. Ba fuska, ba murya, ba suna, in ji ki. Mu biyu cikin abaya da niƙabi, igiyar shanya a tsakaninmu, da farin zanin gado guda. In shigo daga bakin matakala, in kama gefe, ki kama gefe. Mu kakkaɓe, mu ninke, mu matso. Mu sake ninkewa, mu sake matsowa, har zani ya ƙare hannuwa su haɗu. Daga nan kuma hannuwan su ƙi rabuwa, bayan zanin ya daɗe da gama buƙatarsu. Shi ke nan fim ɗin, bai kai tsawon dahuwar shayi ba.

Amma wace irin wahala ce ba mu sha ba! Karon farko iska ta fizge zanin ta kai shi gidan maƙwabta. Karo na biyu wayar ta zame, muka ɗauki sararin sama da ƙafar tattabara. Karo na uku ke kika ɓata, kika fashe da dariya a cikin niƙabi har kafaɗunki na rawa, wai na kama zanin kamar mai kokawa da rago. Sai da rana ta yi ja sannan aka dace. Da yatsunki suka sauka a kan nawa na manta da waya, na manta da tanki, na manta a wane gari nake. Wallahi ban yi wasan kwaikwayo ba ko na ƙiftawar ido, Shaima. Son ki nake yi, wayar kuma ta ɗauka.

Sai ƙawarki Ghada, mai yawo da 'yan fim a Jidda, ta kalla ta riƙe baki. Ita ta ba mu labarin wani ɗan bikin nuna gajerun finafinai a wata ƙasa mai nisa, na mutane irinmu, mata masu son mata da maza masu son maza, waɗanda ke ɗauka da wayoyinsu ba kamfani ba ubangida, su aika ba tare da suna ba. Ta nuna mana guda biyu uku. Kin tuna na samarin nan da ke raba lemo ɗaya a bayan motar kaya, babu wanda ya ce uffan har aka gama? Na kalle shi na ji kamar wani ya ƙwanƙwasa mini ƙofa daga wata duniya ya ce, ke ma kina nan? Ranar idonki ya yi ta ƙyalli. Kika ce a garin da kowa ke kallon mace ba ya ganinta, mu za mu ɓuya a fili, mai kallon wanki ya ga wanki, mai ido ya ga sauran.

To, a nan wayonmu ya ƙare. Mu da muka girma a cikin niƙabi, yaya aka yi muka manta cewa matan unguwar nan ba da fuska suke gane juna ba? Tun daga ƙarshen layi ake sanin wace ce tafe, ta kafaɗa, ta takalmi, ta yadda take jefa ƙafa. Muka ce bari mu gwada a kan Inna Hajo, tunda idonta ya yi rauni, allura ma sai an zura mata. Kika miƙa mata waya kika ce wani fim ne na mutanen Sudan. Ko zanin ba a kai ga kamawa ba ta ce, «Wane Sudan? Wagga ai Mubina ta! Wa ka tahiya haka kamar agwagwa ta ji kiran tsaba in ba ita ba?»

Na so ƙasa ta tsage. Ke kuwa kin daskare, kin ma kasa karɓe wayar, har tsohuwa ta kalla zuwa ƙarshe. Ta ga hannuwan. Ta ci gaba da juya ƙosai, mu kuma muna jiran sama ta faɗo. Sannan ta ce, «Ɗiyana, saman bene yana da idanu. Ku riƙa ninke kayanku cikin ɗaki.» Ta ƙara mana ƙosai a kan na kuɗinmu, ta juya ga mai saye na gaba. Har yau ba ta sake tayar da zancen ba, kuma ga shi ita ce ke kai miki takardata.

Tun daga ranar kika ɗauke ƙafa. Na kawo wanki aka ce kina wurin aiki a otal, na dawo karɓar wani aka ce kina barci. Sai ta bakin Ghada na ji hukuncin da kika yanke ke kaɗai: halas, magana ta ƙare, za ki goge, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na san lissafinki, kuma ban ce ƙarya ba ne. Ke 'yar ƙasa ce, kakanki ya zo daga ƙasar Hausa da ƙafa ya samu gindin zama, kina da dangi masu shiga su fita. Ni kuwa a goye uwata ta kawo ni aikin hajji, ta zauna, ta rasu a nan, ba ta bar mini iƙama, takardar izinin zama, ba. In fim ɗin ya zagayo ya faɗa hannun wanda ya san tafiyata kuma ba shi da zuciyar Inna Hajo, ke za ki sha faɗa da kulle, ni za a rufe ni, daga nan a sa ni a jirgi zuwa Katsinar da ban sani ba sai a bakin uwata. Kina tsoron ki zama sanadin raba ni da garin nan da kuma ke kanki. Na gane, kuma saboda wannan tsoron na ƙara son ki.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na ce bari in sauya tafiya mu sake ɗauka. Na sa tsakuwa a takalmi, na yi ɗingishi tun daga tashar mota. Na gwada takun alhazan Turkiyya, a miƙe kamar an haɗiyi taɓarya. Na gwada naki, wannan yangar ta masu aikin otal, saura kaɗan in faɗa kwata. Ranar da na tabbata ko uwata ba za ta gane ni ba, na biyo layinku a lulluɓe ina taƙama, sai na ji daga bayan kasko, «Mubina, mi ya samu ƙahwarki?» Na haƙura. Agwagwa dai agwagwa ce, ko an sa mata takalmin amarya.

Saboda haka hanya biyu ta rage, a goge ko a aika. Abin da ya ɓata mini rai, ya rumman ɗina, shi ne kin zaɓa mini ba ki tambaye ni ba. Ashe ba mai ɗaki ne ya san inda yake masa yoyo ba? Tun ina yarinya nake sauya hanya in na hango motar 'yan sanda. Na san tsoro fiye da yadda kika san shi, tare muke kwana, tare muke tashi. Kullum wani ne ke yanke mini inda zan tsaya da inda zan ɓuya. Ke ma, hasken raina, sai ki shiga layinsu? Tafiyar tawa ce, hannun nawa ne, kasadar ma tawa ce. Na auna ta da safe na auna ta da rana, ga amsata: ki ba Ghada ta aika. Ba suna, ba gari, kamar yadda aka tsara, sauran kuma mu bar wa Allah. Wataƙila a can wata yarinya ta zauna cikin duhun ɗakin kallo, ta ga mata biyu da zanin gado, ta koma gida da ƙarfin gwiwar da ba ta zo da shi ba.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya miki ba, don ban san yadda ake faɗinsa da baki ba. Ɗakin da na yi rarrafe a ciki an rushe shi, hanyar mota ce yanzu. Kabarin uwata ba shi da alama. Ba ni cikin rajistar kowa, ba makaranta, ba asibiti. In aka ɗauke ni gobe, babu abin da zai nuna na taɓa zama a Makka, balle a ce an taɓa so na a cikinta. Sai wannan ɗan fim ɗin. A nan kaɗai nake shigowa da ƙafata, a garinmu, da hasken rana, wata ta miƙo hannu ta riƙe ni. In kin ga ba za ki iya aikawa ba, zan yi fushi in huce, mu ajiye shi har ranar da zuciyarki ta yi ƙarfi. Amma kada ki goge ni, Shaima. Kowa ya yi, ban da ke.

Ranar Alhamis zan kawo wankin mamanki bayan la'asar. Ki kasance a gida, ki buɗe ƙofar da kanki, ki faɗa mini amsarki ido cikin ido.

Taki a garin nan, taki a duk garin da aka kai ni, taki har numfashi ya ƙare,

Mubina